Ponga, Itacen Azurfa Na Ƙasar Niyu Zilan

A wannan mako za mu yi nisan zango, mu tsallake Afirka da Tekun Indiya da ƙasar Ostareliya baki ɗaya, mu sauka a wasu manyan tsibirai biyu da ke kudu maso yammacin Tekun Fasifik, watau ƙasar Niyu Zilan, wadda 'yan asalinta, kabilar Maori, suke kira Aotearoa. Wanda ya tashi daga Dubai a jirgin sama sai ya yi kamar awa 16 a sararin samaniya, bai ya da zango ko'ina ba, kafin ya hangi birnin Auckland. In ya sauka zai tarar agogonsu ya riga namu da awa 11 ko 12, gwargwadon lokacin shekara, sanyinsu yana zuwa cikin watan Yuli, zafinsu cikin Janairu, alƙibla kuwa yamma ake fuskanta. Faɗin ƙasar bai kai sulusin Nijeriya ba, mutanenta kuma sun ɗara miliyan 5 da kaɗan.

Baƙo ba zai kwana biyu a ƙasar nan ba sai idonsa ya saba da zanen wani ganye, dogo, mai ɗan lanƙwasa, mai ƙananan 'ya'ya jere dama da hauni kamar zarɓar dabino, fari ƙal a kan baƙin zane. Yana jikin fasfonsu, yana jikin jiragensu na sama, yana kewaye da tsuntsun kiwi a sulallan dala ɗaya, yana ƙarƙashin tambarin gwamnati, yana ƙirjin 'yan wasansu, yana jikin kwalin man shanu da na nama. In ka tambayi ma'aikacin gwamnati wace doka ce ta naɗa wannan ganye alamar ƙasa, zai gaya maka babu. Majalisa ba ta taɓa zama a kansa ba. In kuma ka ɗaga kai ka dubi tutar da ke kaɗawa a bisa ofishinsa, ba za ka ga ganyen ba, sai tutar Ingila a kusurwa da jajayen taurari huɗu. Yadda aka yi ganyen da ba shi da doka ya fi tutar da ke da doka shiga zukatan mutane, da kuma yadda aka yi mutanen nan suka ƙi ɗora shi a tuta sa'ad da aka ba su zaɓi, shi ne abin da nake so mu duba.

Amma bari mu fara ganin itacen kansa. Maori suna kiransa ponga. Yana cikin dangin tsiron da Larabawa ke kira sarkhas, watau tsire-tsiren nan masu son inuwa da damshi waɗanda ba su fure, ba su 'ya'ya, ba su da ƙwaya. Yawancin dangin nan gajeru ne, ba su wuce gwiwa, amma akwai waɗanda ke miƙewa su zama itatuwa, har wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila ko na Obudu yana iya cewa ya ga 'yan'uwansu a bakin rafuffuka. Niyu Zilan tana da irin wannan tsiro kimanin kala 200, kuma da yawa cikinsu ba a samunsu ko'ina a duniya sai can. Ponga yana cikin waɗannan. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Georg Forster, wanda ya bi Kyaftin Cook a tafiyarsa ta biyu, shi ya fara rubuta bayaninsa cikin littafin masana a 1786, ya laƙaba masa kalmar Latin dealbata, ma'anarta abin da aka shafa wa farar ƙasa.

Inda na fi samun damar duban itacen a tsanake shi ne wani kurmi da ake kira Otari, a gefen Wellington, babban birnin ƙasar. Wani manomi ne mai suna Job Wilton ya kewaye ɗan yanki na kurmin da shinge a 1860, lokacin da maƙwabtansa ke sara suna ƙonewa, yanzu kuwa wurin ya kai kadada 100, ba a shuka kome a lambunsa sai tsiron ƙasar. Akwai wata gada da aka shimfiɗa a bisa kwari, in ka tsaya a kanta sai ka ga kawunan itatuwan a ƙarƙashinka a buɗe kamar laimomin sarakuna. Daga sama ɗin nan babu abin da ya bambanta ponga da sauran, kore ne shar kamar kowa. Sai ka gangara ƙasa, ka shiga inuwa, ka ɗaga kai, ko kuwa ka kama ganyen ka juya bayansa, sa'an nan za ka ga abin da ake magana. Bayan ganyen fari ne mai ƙyalli, kamar an barbaɗa masa garin azurfa. Wani mai kula da kurmin ya nuna mini ƙananan da ba su daɗe da tsirowa ba, bayansu kore ne, ya ce sai itacen ya yi 'yan shekaru farin yake fitowa.

Tsawon ponga yana kai mita 10, wani lokaci ya ɗara, zarɓa guda kuwa tana kai mita 4. Gangar jikinsa ba katako ba ce irin ta maɗaci ko ɗorawa. Wata siririyar zuciya ce a tsakiya, wadda guntayen tsofaffin zarɓoɓi da saiwoyi masu kama da gashi suka lulluɓe, saboda haka in ka sare shi ba za ka ga zoben shekaru ba. Hayayyafarsa kuma abin a tsaya a duba ne. A bayan ganyen da ya ƙosa akwai wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, jere biyu-biyu, cikinsu akwai wata ƙura mai laushi wadda ido ba ya rarrabe ƙwayoyinta. Iska ke kwasarta. Wadda ta faɗa wuri mai laima sai ta fara zama wani ɗan lallausan abu kore wanda bai kai farce ba, daga jikinsa ne kuma sabon itace yake tasowa. Yana da ɗan'uwa da ya fi shi tsawo nesa, mamaku, mai baƙin jiki, wanda ke kai mita 20 yana neman rana. Shi ponga ya fi son zama ƙarƙashin manyan itatuwa, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, kuma ya fi yawa a Tsibirin Arewa.

Maori sun iso waɗannan tsibirai cikin kwale-kwale daga gabashin Polinesiya wajen ƙarshen ƙarni na 13, suka tarar kurmi ya rufe kamar kashi 80 cikin ɗari na ƙasar. Sun yi bangon ɗakuna da na rumbunan dankali da gangar ponga, domin ba ta saurin ruɓewa. Amma amfanin da aka fi tunawa da shi na tafiyar dare ne. Mafarauta da mayaƙa in za su ratsa kurmi sai na gaba ya riƙa karya zarɓa yana kwantar da ita a hanya, farin yana sama, domin ya kama hasken wata, na baya su bi, in an gama kuma a gane hanyar gida. Suna da wata tatsuniya cewa wai da can a teku itacen yake zaune, aka roƙe shi ya fito tudu ya yi wa mutane jagora. Har ila yau sabon tohon ganyen, wanda ke fitowa a naɗe kamar gammo kafin ya warware, suna kiransa koru, sun ɗauke shi alamar sabuwar rayuwa, kuma shi ne tushen yawancin zane-zanensu na sassaƙa da na tsagar fuska. Koru ɗin nan ne ke wutsiyar jiragen saman ƙasar.

Turawa suka zo daga baya. Abel Tasman na Holan ya hangi ƙasar a 1642, Cook ya sauka a 1769, sa'an nan ran 6 ga Fabrairu 1840 wakilin Sarauniya Biktoriya da sarakunan Maori suka sa hannu a Yarjejeniyar Waitangi. An rubuta ta da harshe biyu, kuma abin da na Ingilishi ya faɗa game da mulki bai yi daidai da abin da na Maori ya faɗa ba, rigimar da har yau ba ta mutu ba. Yaƙe-yaƙen ƙasa suka biyo baya, gwamnati ta yi doka a 1863 ta ƙwace filaye masu yawa, aka sare kurmi aka ƙone domin a sami makiyayar tumaki. Yau abin da ya rage na kurmin asali bai wuce kamar rubu'in ƙasar ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin jikokin waɗanda suka ƙone kurmin su ne suka zo suka ɗauki ganyensa suka manna a ƙirji.

Kuma ba su suka fara ba. A 1888 wani Bamaori mai suna Joe Warbrick ya tara 'yan wasan ƙwallon zari-ruga, yawancinsu Maori, tare da Turawa kaɗan, suka tafi yawon wasa Ingila da Ostareliya. Sun yi fiye da shekara a hanya, suka buga wasa 107, suka ci 78, abin da in an gaya wa ɗan wasan yau zai ce ƙarya ne. Rigarsu baƙa ce, da farin ganyen ponga a ƙirji. Ɗaya daga cikinsu, Tom Ellison, wanda yana cikin lauyoyin farko na kabilarsa, shi ya kawo shawara a taron hukumar wasan ta ƙasa a 1893 cewa wannan riga ta zama rigar ƙungiyar ƙasa, aka kuwa amince. Da ƙungiyar ta koma Birtaniya a 1905, ta buga wasa 35 a tafiyar, ba a ci ta ba sai sau ɗaya a Wales, sai sunan All Blacks, watau masu baƙaƙen kaya, ya bi ta. Tun daga nan duk ƙungiyar da za ta wakilci ƙasar sai ta nemi ganyen, har ƙungiyoyin mata suka sa shi cikin sunayensu.

Wasa ya fito da shi, amma a ganina kabari ne ya tabbatar da shi. Sojojin Niyu Zilan sun sa alamar ganyen tun a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasar tana da mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, ta aika kimanin 100,000 ƙetare, wajen 18,000 suka mutu. A na Biyu ta rasa kusan 12,000. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin daular Ingila takan sassaƙa wa sojan Ingila alamar rundunarsa a dutsen kabarinsa, kamar yadda sojojinmu na Afirka ta Yamma da suka kwanta a Bama suke da alamar itacen kwakwa. Sojan Niyu Zilan kuwa, kowace runduna yake, Bature ne ko Bamaori, hafsa ne ko kurtu, ganyen ponga ake sassaƙa masa. Wanda ya je maƙabartar Alamain a hamadar Masar zai ga irin waɗannan duwatsu fiye da 1,000, akwai su kuma a Tubruƙ ta Libiya, da Tunisiya, da Italiya, da Faransa. Ganyen da ba ya rayuwa sai a inuwa, ga shi jere cikin rairayi inda ko ciyawa ba ta tsira. Iyalai da yawa a ƙasar ba su taɓa ganin kabarin kakansu ba sai a hoto, kuma abin da ke cikin hoton ke nan.

'Yan kasuwa ba su bari aka bar su baya ba. Arzikin ƙasar nan nama ne da madara da ulu, tun daga 1882 da jirgin ruwa mai suna Dunedin ya kai naman tumaki daskararre London bai lalace ba. Ganyen ya hau kwalin man shanu tun da daɗewa, akwai madarar Fernleaf wadda ta shahara a Malesiya, akwai babban kamfanin nama da ya sauya suna ya koma Silver Fern Farms a 2008, gwamnati kuma tana da wani hatimi na ganyen, FernMark, wanda take ba kamfanin da ya cika sharuɗɗa izinin bugawa a kayansa, don mai saye a Jidda ko Shanghai ya san daga ina suka fito. To, abin da ke kawo kuɗi ba ya rasa mai cewa nasa ne. Hukumar zari-ruga ta yi rajistar irin nata zanen, wannan ba wanda ya yi gardama. Amma da ta nemi a hana kowa ɗora kowane irin ganyen ponga a kan baƙar riga, sai masu ɗinki da sayar da tufafi suka tashi, aka yi shekaru ana shari'a, a 2005 hukumar ta sha kaye. Hukuncin ya yi kyau. Da an ba ta, da an wayi gari jikan sojan da ke kwance a Alamain yana biyan kuɗi kafin ya sa alamar kabarin kakansa.

Akwai wata da'awa kuma da ta fi wannan nauyi. A 1975 gwamnati ta kafa Kotun Waitangi domin sauraron ƙorafin Maori a kan saɓa yarjejeniyar 1840. A 1991 mutane daga kabilu shida suka shigar da ƙara, wadda aka sani da lamba 262, suna cewa yarjejeniyar ta bar musu iko a kan dukiyoyinsu masu daraja, kuma tsirrai da dabbobin ƙasar da zane-zanen gargajiya da ilmin magunguna duk suna ciki. Shekara 20 aka yi kafin kotun ta fitar da rahotonta a 2011. Ba ta ce tsiron mallakarsu ne kamar yadda mutum ke mallakar gona ba, amma ta ce su masu riƙon amana ne a kansa, wajibi ne a riƙa jin ta bakinsu. Mu da muka san bambancin mallaka da amana a fiƙihu ba za mu ga baƙon abu a wannan rarrabewa ba.

Yanzu sai maganar tuta. Tutar ƙasar ta sami doka a 1902, shuɗiya ce, da tutar Ingila a kusurwa da taurari huɗu, kuma ta yi kama da ta Ostareliya ƙwarai, har an sha ɗaga wa shugabannin wannan ƙasa tutar waccan a wuraren taro. Firayim Minista John Key ya ɗauki abin da zafi. Hujjarsa ita ce Kanada ta cire tutar Ingila a 1965 ta sa ganyen itacen ƙasarta, yau kuwa ba mai neman a koma. Shi da farko farin ganye a kan baƙin zane yake so, kamar rigar 'yan wasa. Sai aka yi rashin sa'a lokacin ya zo daidai da tashen 'yan ta'addan Da'ish a Iraƙi da Sham, mutane suka ce baƙar tuta mai farin zane in an hango ta daga nesa za a ɗauka tasu ce. Dubi yadda ɓarnar wasu a Mausil ta hana wasu a ƙarshen duniya amfani da launin da suka gada tun 1888.

Aka naɗa kwamiti na mutum 12, aka ce kowa ya kawo zane. Zane 10,292 aka samu, har da na masu barkwanci, kamar wanda ya zana tsuntsun kiwi yana fitar da koren haske daga idonsa. Kwamitin ya tace ya fitar da huɗu, uku masu ganyen ponga, ɗaya mai koru, daga baya matsin jama'a ya sa aka ƙara na biyar wanda ba shi da ganye. A ƙuri'ar farko, ƙarshen 2015, zanen wani mai tsara gine-gine, Kyle Lockwood, ya yi nasara: farin ganye ya ratsa tuta, baƙi a gefe guda, shuɗi da jajayen taurari huɗu a ɗaya gefen. A watan Maris 2016 aka kara shi da tsohuwar tuta a ƙuri'ar raba gardama. Fiye da mutum miliyan 2 suka jefa ƙuri'a. Kashi 56.6 cikin ɗari suka ce a bar tsohuwa, kashi 43.2 suka ce a sauya. Cikin mazaɓu 71, shida kaɗai sabuwar ta ci. Kuɗin da aka ware wa aikin dalar ƙasar miliyan 26 ne.

Me ya kawo haka, alhali kowa yana son ganyen? Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne suka shafi ganyen ba. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ce ƙarƙashin tsohuwar tuta aka yi yaƙi aka mutu. Masu son sauyi suka amsa musu cewa ai ba tuta ke jikin kaburburan ba, ganye ne, kowane ɓangare yana jan matattu zuwa wajensa. Masana zane suka ce kwamitin ba shi da gwanin zane ko ɗaya, kuma abin da aka fitar ya fi kama da tambarin kamfani ko tawul ɗin wanka. 'Yan hamayya suka ga abin kamar Firayim Minista yana son ya bar sunansa a tarihi ne, suka ce ga masu neman gidan kwana, ga asibitoci, a kashe miliyoyi a kan ƙyalle. Mutane da yawa da ƙuri'ar suka jefi John Key, ba tutar ba. Wannan darasi ne ga ma'aikata: shawara kome kyanta, in jama'a suka ga hoton mutum ɗaya a jikinta, to da shi za su auna ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne mazaɓun Maori, domin suna da kujeru na musamman a majalisa. Mai hange daga nesa zai zaci su za su fi kowa ɗokin a cire tutar waɗanda suka ƙwace musu ƙasa, a sa ganyen kurminsu. Sai ga shi sun fi sauran ƙasar tsayawa a kan tsohuwar tuta. Siyasar jam'iyya tana ciki, gaskiya ne. Amma akwai wata hujja da wasu daga cikinsu suka bayar wadda ta cancanci a yi tunani a kanta. Sun ce kakanninsu da Sarauniyar Ingila suka ƙulla alkawari a 1840, ba da majalisar Wellington ba, kuma tutar nan da ke kusurwa ita ce shaidar cewa akwai bashin da ba a gama biya ba. Wanda ake bi bashi ne yake son a yage takarda, mai bin bashi adana ta yake yi. Bugu da ƙari suna da tasu tutar, mai baƙi da ja da farin koru a tsakiya, wadda gwamnati ta amince da ita a 2009, ana kuma ɗaga ta a gadar Auckland ranar tunawa da Waitangi.

Ni dai abin da na fahimta, bayan na ji ta bakin mutane iri-iri, shi ne ganyen bai yi hasarar kome ba a wannan ƙuri'a. Tuta ta hukuma ce, ana gaishe ta, ana naɗe ta da yamma a sa a akwati. Ganyen kuwa mutane ne suka ɗauka da kansu, ba wanda ya umarce su, saboda haka kowa yake ganin yana da rabo a ciki, Bamaori da Bature da ɗan tsibirin Samowa da Ba'indiye. Da ya hau tuta da rinjayen kashi 51, da ya zama na waɗanda suka ci zaɓe.

A nan ne maganar ta taɓo 'yan'uwanmu Musulmi na can. Ƙidayar 1874 ta nuna Musulmi 17 a ƙasar, yawancinsu Sinawa masu haƙar zinariya. An kafa ƙungiyarsu ta farko a Auckland a 1950, tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa a 1979, kuma ƙidayar 2023 ta same su kimanin 75,000. Cinikin nama da ƙasashen Musulmi ya jawo mahauta Musulmi zuwa mayankan ƙasar, har yawancin tumakin da ake fitarwa yankan halal ne. Cikin waɗanda suka sa baƙar rigar nan mai ganye akwai Sonny Bill Williams, wanda mahaifinsa ɗan asalin Samowa ne, ya musulunta lokacin da yake wasa a Faransa, yana kuma cikin ƙungiyar da ta ci kofin duniya a 2011 da 2015. A 2017 ya sa filasta ya rufe tambarin wani banki a wuyan rigar ƙungiyarsa ta Auckland saboda gudun tallar riba, hukumar wasan kuma ta yarda masa. Ganyen da ke ƙirjin rigar ƙasa kuwa bai taɓa rufe shi ba.

Ran Juma'a 15 ga Maris 2019 wani ɗan ta'adda, ɗan ƙasar Ostareliya mai aƙidar fifita farar fata, ya shiga Masallacin Annur da na Linwood a birnin Christchurch ya buɗe wuta a kan masallata. Mutum 51 suka rasu, Allah ya karɓi shahadarsu. Cikin wata guda majalisa ta haramta irin bindigogin da ya yi amfani da su, a watan Agusta 2020 kuma kotu ta ɗaure shi rai da rai ba tare da damar sassauci ba, hukuncin da ba a taɓa yanke wa kowa ba a ƙasar. Juma'ar da ta biyo bayan harin an sa kiran salla a rediyo da talabijin na ƙasa, dubban mutane waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya a filin Hagley, daura da masallacin, suna kewaye da sahu, Firayim Minista Jacinda Ardern tana cikinsu da mayafi a kanta. Samarin Maori da 'yan makaranta suka riƙa zuwa ƙofar masallatai suna yin haka, watau rawar nan tasu ta girmamawa wadda suke yi wa manyansu in sun mutu.

Cikin kwanakin nan ne wani mai zane na jaridar Canberra Times ta Ostareliya, Pat Campbell, ya fitar da wani zane wanda ya zaga duniya. Daga nesa ganyen ponga ne kamar yadda aka saba, fari a kan baƙi. In ka matso sai ka ga kowane ɗan ganye siffar mutum ce, inuwa kawai ba fuska, adadinsu adadin waɗanda aka sani sun rasu a lokacin. An jera su daga gindin zarɓar zuwa bakinta, waɗansu a tsaye sun ɗaga hannu, waɗansu a ruku'u, waɗansu a zaune, waɗansu goshi a ƙasa. Mutanen garin suka buga shi a takarda suka ajiye cikin furannin da aka tara a jikin shingen lambun birnin.